Kafin Yaronku Ya Latsa Linkin Mai Caca: Shawarwari ga Gida

Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a Kano a 2024, amma cacar da ta fi shiga gidajenmu yanzu ba ta da shagon da za a garƙame. Tana cikin waya. Wani saurayi ne mai fara'a yake haska kansa kai tsaye a TikTok, YouTube, Kick ko Telegram, yana danna wasa, kuɗi na hauhawa a allo, yana ihu, mabiya na zuba masa yabo. A ƙasan bidiyon akwai linki, akwai lambar garaɓasa, akwai "ku yi rajista da lambata, 'yan'uwa". Hukuncin caca ba sai na faɗa muku ba. Yaron da ke kallon nan ya ji ayoyin Baƙara da Ma'ida tun yana Islamiyya, kuma maƙwabtanmu Kiristoci ma ba su taɓa jin an yabe ta a coci ba. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake biyan mutumin da yake kallo, kuma na lura sanin wannan ya fi faɗa saurin kashe masa sha'awa. Ga abubuwan da na ga suna aiki, yawancinsu ba sa cin ko sisi.

1. Ku fara da tambaya ɗaya: wa ke biyan wannan mutumin?
Wanda ke zama awa biyar ko shida kowane dare yana haska caca aiki yake yi, kuma kamfanin cacar ne ubangidansa. Ku saba wa kowa a gidan da yin wannan tambayar kafin ya ɗauki shawarar kowa a waya, domin amsarta ce ke fassara sauran maganar.

2. Ku san irin la'adar da yake ci.
Kamfanonin caca na biyan masu kawo musu mutane ta hanyoyi biyu: ko a ba su tsayayyen kuɗi a kan kowane sabon mutum da ya yi rajista ya zuba kuɗi, ko a riƙa yankar musu kaso daga asarar da mutumin ya yi, sau da yawa kashi 25 zuwa 40 cikin 100, kuma a wasu yarjejeniyoyin muddin yana bugawa. Dillalin shanu yana cin la'adarsa ne idan ciniki ya faɗa, mai saye ya ja sansa ya tafi gida. Wannan kuwa tasa ba ta fitowa sai wanda ya kawo ya tashi hannu rabbana. Idan ɗanku ya bi ta hannunsa ya yi asarar naira 50,000 a kan kaso 30, naira 15,000 ta shiga aljihun mutumin da ke kiransa ɗan'uwa a bidiyo. Ku rubuta wannan lissafin a takarda, ku ajiye masa a gabansa, ku bar shi ya karanta da kansa.

3. Kada a latsa linkin, kada a shigar da lambar.
Linkin nan da lambar garaɓasar da yake ta maimaitawa su ne shaidar da kamfani ke gane wa ya kawo wa, kuma da zarar an yi rajista da su an ɗaure asusun a wuyansa. Dandalin Twitch ya haramta irin waɗannan linki da lambobi tun Agustan 2021, YouTube ma ya ƙara tsaurara nasa dokokin a Maris 2025. Masu tallan da yawa yanzu sukan ce a bi su Telegram ko WhatsApp a karɓa, don haka ku leƙa zaurukan da yaro ya shiga, ba bidiyon kawai ba.

4. Kada ku ɗauka kuɗin da ke allo nasa ne.
Manyan masu wannan sana'a ana biyansu albashi, wasu kuma kamfani ne ke cika musu asusun da suke bugawa da shi. Tyler Niknam, wanda aka fi sani da Trainwreck, ya faɗa da bakinsa a 2022 cewa an biya shi dala miliyan 360 cikin wata 16 don haska caca. Ku tambayi yaro: wanda aka biya haka, da kai da ka saka kuɗin makarantarka, wasa ɗaya kuke bugawa?

5. Cin da aka nuna a bidiyo ba hujja ba ne, komai girmansa.
A Brazil, a 2023 da 2024, 'yan sandan jihohi da dama sun binciki masu tarin mabiya da ke tallata wani wasan damisa mai suna Fortune Tiger, suka tarar ana ba wasunsu asusun gwaji wanda kuɗin cikinsa ba na gaske ba ne, an kuma tsara shi ya riƙa ci. Mabiyi na ganin an ci miliyoyi cikin minti biyu, ya zuba nasa kuɗin na gaske a asusu na gaske, ya tarar da wani abu dabam. Lamarin ya kai majalisar dattawan ƙasar ta kafa kwamitin bincike, ta kira wasu fitattun masu tallan suka amsa tambayoyi a 2025. Allon asusun gwaji da na gaske kusan iri ɗaya ne, ba mai iya bambancewa daga bidiyo, don haka dokar gida ta zama: abin da aka ci a allon wani ba a lissafa shi.

6. Hoton alat da sabuwar mota ma haka.
Ana iya ƙirƙirar hoton alat na banki cikin 'yan mintoci, mota kuma ana hayarta a ɗauki hoto a mayar. Ko da motar tasa ce da gaske, ku sake komawa shawara ta biyu ku tambayi kanku kuɗin wa ya saye ta.

7. Ku bincika ko mai tallan shi ne mai gidan cacar.
A 2016 aka gano cewa wasu shahararrun masu bidiyo biyu a YouTube, Trevor Martin da Thomas Cassell, waɗanda ke nuna yadda suke cin kuɗi a wani shafi mai suna CSGO Lotto kamar sun tsince shi ne a hanya, su ne masu shafin. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kammala batun a 2017 da tilasta musu su riƙa bayyana alaƙarsu da duk abin da suke tallatawa, kuma ba a ci su tara ba. Ku rubuta sunan mutum da sunan shafin tare a Google. Minti biyar ne, kuma sau da yawa yana buɗe ido.

8. Asarar da yake yi a gaban kyamara ba ta sa ya zama mai gaskiya.
Yara kan ce, "Ai shi ma yana faɗuwa, muna gani." Félix Lengyel, wato xQc, ya amsa a 2022 cewa caca ta zame masa jaraba, har ya ce ya yi asarar kusan dala miliyan 2 a wata guda, a Yunin 2023 kuma ya sa hannu da Kick a yarjejeniyar da aka ce za ta iya kai dala miliyan 100 cikin shekara biyu. Shi yana da inda zai faɗa, ɗanku ba shi da. Illar kallon irin wannan asarar ita ce tana rage wa kuɗi kwarjini: wanda ya saba ganin an zubar da dubban daloli ana dariya, naira 5,000 ta daina yi masa kama da kuɗi.

9. Ku auna shi da tambayoyi uku.
Ya faɗa a fili, a farkon bidiyo, cewa biyansa ake yi? Ya faɗi ko kuɗin da yake bugawa nasa ne ko na kamfani, kuma ya faɗi ko yana da kaso a asarar mabiyansa? Rubuta "18+" a gefen allo ko cewa "kada ku yi caca" alhali linki na nan a ƙasa bai amsa ko ɗaya ba. Ni a wurina, wanda ya amsa duka ukun ya fi sauran mutunci, amma har yanzu abincinsa daga asarar masu kallonsa yake fitowa, kuma ba zan ba shi amanar ɗana ba.

10. Ku san wa ke da dandalin kansa.
Daga 18 ga Oktoba 2022 Twitch ya hana haska wasu gidajen cacar intanet, ciki har da Stake, Roobet, Rollbit da Duelbits. Kafin shekarar ta ƙare wani sabon dandali mai suna Kick ya bayyana, kuma masu shi, Ed Craven da Bijan Tehrani, su ne suka kafa Stake. Idan kun ga manhajarsa mai koren tambari a wayar yaro, ku zauna tare ku shiga saiti ku ɓoye sashen caca, ko ku cire ta gaba ɗaya idan shekarunsa ba su kai ba.

11. Ba a tura wa mai bidiyo kuɗi, ko da kuka ya yi.
Abin da ya tayar da ƙurar da ta sa Twitch ɗaukar matakin nan shi ne wani mai haskawa ɗan Birtaniya da ake kira Sliker, wanda ya amsa a Satumbar 2022 cewa ya karɓi aƙalla dala 200,000 daga mabiya da abokan sana'arsa, yana ce musu an rufe masa asusun banki, ya zuba a caca. Mutanen da suka ba shi sun ɗauka sun san shi domin kullum suna ganin fuskarsa. Ku gaya wa yara: wanda ba ku san ƙofar gidansu ba, ba ku san shi ba.

12. Ku koya wa gidan lissafin gidan caca.
Faifan rulet na Turai gida 37 gare shi, amma wanda ya dace ana biyansa ninki 35 ne a kan abin da ya saka, wato a cikin kowace naira 100 da aka buga kimanin naira 2.7 ta gida ce har abada. Wasan jirgin nan, Aviator, masu shi sun ce yana mayar da kashi 97 cikin 100, kuma wannan adadin ne ke ruɗar mutane, su ga ai kashi uku ba komai ba ne. Ku ɗauki kalkuletar waya: naira 1,000 sau 0.97, ku maimaita sau 20, za ku ga ta koma kimanin naira 540. Juyi ashirin a wasan jirgi ba ya kai minti ashirin, kuma wannan matsakaicin sakamako ne. Mutane da yawa kuɗinsu na ƙarewa tun kafin nan.

13. Babu manhajar da ke hango inda jirgi zai fashe.
Masu sayar da "sigina" ko manhajar hasashe suna cin kuɗi sau biyu, kuɗin manhajar da kuma la'adar rajistar da suka ce dole a yi ta linkinsu kafin ta yi aiki. Wasu daga cikin manhajojin kuma suna neman izinin karanta saƙonni, inda lambobin sirrin banki ke shigowa. Duk manhajar da aka turo ta Telegram ko WhatsApp a ce a sauke, kada a sauke.

14. Ku nuna wa yaro dabarar masu "wasan da aka saya".
Mutum ya tara mabiya 1,000, ya ce wa rabi za a ci ƙwallo uku ko fiye, ya ce wa sauran ba za a kai ba. Waɗanda maganarsu ta fito, 500 ke nan, ya sake raba su gida biyu a wasa na gaba. Bayan wasa uku yana da mutum 125 da suka ga bai taɓa kuskure ba, kuma su ne za su biya kuɗin shiga zauren manya da hannu bibbiyu. Wasu ma ba sa wahalar da kansu haka, goge tikitin da ya yanke kawai suke yi su bar wanda ya ci. Ku sa yaro ya rubuta hasashen mutumin a littafi kafin a buga wasa, na wata guda, ba tare da ya saka ko kwabo ba, sannan ku duba tare.

15. "Wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti" ba kusa da ci ba ne.
Wannan maganar ce ta fi dawo da mutane gobe. Idan tikiti na da wasa goma, kowanne da damar fitowa kashi 60 cikin 100, damar dukansu su fito tare kimanin 6 ce cikin 1,000. Masu talla na son dogon tikiti domin ribar kamfani na ninkuwa da kowane wasa da aka ƙara, kuma yankewa a wasa ɗaya ko biyu ba baƙon abu ba ne.

16. Ku karanta sharaɗin garaɓasa kafin kowa ya kira ta kyauta.
Garaɓasar "zuba dubu goma mu ƙara maka dubu goma" tana zuwa da sharaɗin sai an juya ta sau da yawa kafin a iya cirewa, kuma a wasannin injin ninki 30 ko fiye ba baƙon abu ba ne. Naira 10,000 sau 30 naira 300,000 ke nan da za a buga. Idan gida na cin kashi 4, asarar da ake sa rai ta kai naira 12,000, ta haura garaɓasar. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

17. Rabon kuɗin da yake yi wa mabiya ma talla ne.
Ku duba sharaɗin shiga: yawanci sai an yi rajista da lambarsa, an zuba wani abu, an turo hoton shaida. Mutum biyar su samu naira 5,000 kowanne, ɗaruruwa su buɗe asusu. Idan ana son data kyauta, gara a roƙi Baba.

18. Ku tambayi inda za a kai ƙara idan aka hana cire kuɗi.
Da yawan gidajen cacar da ake haskawa lasisinsu na tsibirin Curaçao ne, can yankin Karebiyan, kuma ba na jin akwai wanda zai bi naira 80,000 har can. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Nuwamba 2024 cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ce ke da ikon tsara nata. A jihar da caca ta haramta, wanda aka cuta ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba tare da ya tona kansa ba, kuma masu cutar sun san haka.

19. Suna a rigar ƙwallo ko fuskar mawaƙi ba takardar shaida ba ce.
Mawaƙi Drake ya ƙulla yarjejeniya da Stake a 2022, kuma sunan kamfanin ya hau ƙirjin rigar Everton a shekarar. Ingila da kanta ta hana amfani da 'yan ƙwallo da taurarin da yara ke so a tallan caca daga Oktoba 2022, ƙungiyoyin Firimiya kuma sun amince su cire sunayen kamfanonin caca daga ƙirjin riga bayan kakar 2025/26. Wannan hira ce mai sauƙin tayarwa a hanyar dawowa daga gidan kallo: in babu illa, me ya sa masu ƙwallon suke cirewa?

20. Ku share wa wayar hanya.
Manhajojin nan suna ƙaro wa mutum irin abin da ya tsaya ya kalla, ko da tsayawar ta mamaki ce. Ku danna bidiyon ku riƙe, ko ku taɓa ɗigo ukun da ke gefe, ku zaɓi cewa ba ku sha'awa, ku daina bin shafin, ku goge tarihin kallo. Ku maimaita kwana kaɗan a jere, za ku ga abin da ke fitowa ya sauya.

21. Ku sa makulli, kyauta ne.
Manhajar BetBlocker ba a biyan komai, tana toshe dubban shafukan caca, kuma idan aka zaɓi tsawon lokaci ba ta buɗuwa sai ya cika. Ga ƙananan yara, Family Link na Google yana ba ku damar hana sauke manhaja sai da izininku. Ku sa su da sanin mai wayar, a gabansa, domin makullin da aka sa a ɓoye wayar aboki ce maganinsa.

22. Ku riƙe NIN, BVN da lambar sirrinku kamar makullin ɗaki.
Yaron da bai kai 18 ba yakan buɗe asusun caca da bayanan mahaifiyarsa ko yayarsa, sau da yawa da hujjar "Mama, kawo in gyara miki wayar". Ku sauya lambar sirrin manhajar banki yau, kada ta zama shekarar haihuwa, kuma kada wanda ake aika wurin mai POS ya san ta. Iyaye mata da ba su saba da waya ba, ku nemi wani babba amintacce guda ɗaya ya riƙa taimaka muku, ba duk wanda ke kusa ba.

23. Ku raba kuɗin cefane da wayar da ake kallo da ita.
Babban bankin Brazil ya gano cewa a watan Agustan 2024 kaɗai, mutum miliyan 5 daga gidajen da ke karɓar tallafin talakawa na Bolsa Família sun tura kimanin real biliyan 3 na kuɗin ƙasar ga kamfanonin caca. Kuɗin abinci ne ke fara tafiya domin shi ne a kusa. Kuɗin makaranta, na haya da zubin adashi su zauna a asusun da ba a haɗa shi da waya ba, ko a hannun wanda ba ya bugawa. Ku kuma rage iyakar abin da za a iya turawa a rana.

24. Ku lura da ƙananan alamu.
Data na ƙarewa da wuri, barci sai asuba, fushi ranar Asabar da Lahadi bayan an tashi wasa, damuwa da sakamakon wata ƙungiyar da ba a taɓa jin sunanta a gidan ba. A bayanan asusu za ku ga ƙananan kuɗi, 200, 500, 1,000, suna fita sau da yawa a dare ɗaya zuwa wuri ɗaya. Kuma kada ku tsaya kan samari: akwai magidanta, akwai matan aure da ke bugawa a ɗaka, waɗanda aka jawo da sunan "sana'ar waya".

25. Idan kun gano, ku yi maganar a keɓe.
Tona asiri a tsakar gida yana koya wa mutum ɓoyewa ne kawai, kuma ɓoyewa ce abincin wannan jarabar. Ku zauna ku biyu, ku tambayi jimillar abin da ya tafi da abin da ake binsa, ku yi shiru ku ji amsar har ƙarshe ko da ta girgiza ku. Idan ya ce "bari in dawo da kuɗina kawai in daina", ku gaya masa a hankali cewa wancan kuɗin ya tafi, kuma bin sawunsa ne ke mayar da asarar dubu ashirin ta zama ta dubu ɗari biyu.

26. Kada ku damƙa masa kuɗi ya je ya biya bashi.
Ku karɓi jerin masu binsa, ku biya su kai tsaye da hannunku, ku fara da manhajojin ba da rance masu ruwa mai hauhawa, waɗanda wasunsu ke aika saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayar mutum. Ku yi yarjejeniya a kan yadda zai mayar muku, ko da kaɗan-kaɗan ne. Biyan bashin caca ba tare da an rufe asusu an sa makulli ba, buɗe masa sabon shafi ne kawai.

27. Ku rufe asusun, ku toshe saƙonnin kiranye.
Goge manhaja ba ya rufe asusu. Ku shiga saiti ku nemi wurin hana kai bugawa, ko ku rubuta wa kamfanin ku ce a rufe saboda matsalar caca, ku ajiye hoton saƙon. Bayan haka za su fara turo "mun yi kewarka, ga kyautar juyi goma", domin wanda ya fi asara shi ne ya fi daraja a wurinsu: wani rahoton majalisar dattawan Birtaniya na 2020 ya ce kashi 60 na ribar kamfanonin caca na fitowa ne daga kashi 5 na masu bugawa, waɗanda jarabar ta kama ko take daf da kamawa. Ku toshe lambobin, ku fita daga zaurukan, mai bidiyon ma a daina binsa a ranar.

28. Idan ɗanku ko 'yarku ce aka yi wa tayin tallan, ku tsaya a kai.
Duk mai mabiya dubu kaɗan a TikTok ko Instagram yanzu yana iya samun saƙon "ka zama jakadanmu", da alkawarin kamasho ba tare da ya saka ko naira ba. Ku tambaye shi su wa za su fara amfani da lambarsa: abokan ajinsa ne, 'ya'yan maƙwabta, ƙannensa, mutanen da zai haɗu da iyayensu a masallaci da wurin biki. A Najeriya kuma dokar 2022 ta ba hukumar ARCON ikon tantance talla kafin a fitar, har da na kafafen sada zumunta, don haka yana iya jawo wa kansa abin da kamfanin da ke ƙasar waje ba zai zo ya tsaya masa ba. Ku taimaka masa ya nemi tallan masu atamfa, abinci ko gyaran waya na unguwa. Kuɗin bai kai ba, amma zai iya kallon wanda ya saya a ido.

29. Idan abin ya fi ƙarfin gida, ku je asibiti.
Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a jerin cututtuka, a babi ɗaya da jarabar ƙwaya da barasa, kuma likitocin ƙwaƙwalwa suna duba ta. Akwai asibitocinsu a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Dawanau ta Kano da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Ku haɗa da malamin da yake jin nauyinsa, amma kada ɗaya ya hana ɗaya. Idan kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta da bashi, kada ku ɗauke ta maganar fushi: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar, wani babba ya raka shi.